Kafin Ka Rataya Inji: Yadda Ake Zaɓen Bim a Gareji



Kwamitin shirya taro ya gindaya mini sharaɗi biyu a kan laccar bana: in yi ta da Hausa, kuma in yi magana a kan abin da mutum zai koma gida ya yi aiki da shi. Saboda haka na zaɓi wani ƙarfe guda ɗaya, wato bim ɗin da ake gicciyawa a saman gareji a rataya sarƙar ɗaga inji, wadda kanikawa ke kira cen-bulok. Malamanmu na lissafi da kimiyya, ranku ya daɗe, ku yi mini afuwa, yau karatunku zan maimaita a gabanku.

Duk wanda ya san Kwanar Dangora ya san mahaɗa ce. Nan hanyar Kano zuwa Zariya ta haɗu da wadda ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore da ƙasar Doguwa, ta nufi Jos. Manyan motoci ba sa yankewa dare da rana, kuma inda mota take, nan bakanike yake. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya bunƙasa, taraktoci da injinan ban-ruwa da na casar shinkafa suka yawaita a Bebeji da Kiru da Tudun Wada. Da yawa daga cikinmu a ɗakin nan muna da gareji, ko shagon walda, ko wurin casa. Wanda ba shi da su kuwa, yana da ɗa ko ƙane da ke koyon aiki a can. To shi wannan yaro shi ne ke sunkuyawa a ƙarƙashin inji yana daidaita shi lokacin da yake lilo a sama. Abin da ke tsakanin kansa da tan guda na ƙarfe shi ne bim ɗin nan, kuma sau da yawa da ido aka zaɓe shi.

NAUYIN GASKIYA

Tambaya ta farko ita ce: me za ka ɗaga? A nan ba a auna aikin yau da kullum, ana auna mafi nauyin abin da zai taɓa shigowa garejin. Injin ƙaramar mota bai cika wuce kilo 200 ba. Injin tirela kuwa yana kai tan 1 ko ya ɗara, in kuma ya fito haɗe da giyabos, ka ƙara wajen kilo 300. Tan 1 shi ne kilo 1,000, wato buhu 10 na masara mai kilo ɗari-ɗari. Wanda ke gyaran manyan motoci, sarƙar tan 2 ita ce tasa, da bim ɗin da zai ɗauke ta.

Ƙa'idar ita ce a zaɓi bim daidai da ƙarfin da aka rubuta a jikin sarƙa. In ka rataya sarƙar tan 2 a bim ɗin tan 1 da niyyar ba za ka taɓa ɗaga abu mai nauyi ba, ranar da ka tafi ɗaurin aure Kano yaranka za su karanta jikin sarƙar su ga tan 2, su ɗaga tan 2.

Sai a ƙara abu biyu. Na ɗaya, nauyin ita kanta sarƙar da ɗan keken da ke gudu da ita a jikin bim, mu ce kilo 50. Na biyu, fizga. Kaya ba ya tashi salin-alin. Ana ja yana girgiza, wani lokaci ya zame ya tsaya kwatsam. Tsohuwar ƙa'idar Ingila ta ƙarafan gini ta ce a ƙara kashi 10 cikin 100 ga na'urar hannu, kashi 25 ga mai lantarki. Ni kashi 25 nake sa wa kowacce, domin na ga irin jan da samari ke yi wa sarƙa in yunwa ta kama su. Ke nan ga sarƙar tan 1: kilo 1,250 a tara da 50, ya zama kilo 1,300. Da wannan za mu yi lissafi.

TAZARA

Tambaya ta biyu: mita nawa ne tsakanin madogara da madogara? Maginanmu na gargajiya sun san sirrin nan tun kafin zuwan Turawa. Azarar giginya ba su cika barin ta ta wuce wajen ƙafa 6 ba tare da abin da ya tallafe ta ba. In ɗaki ya fi haka faɗi, sai su fito da tauyi daga bango, ko su ɗaura bakan gizo, irin wanda Babban Gwani ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830. Sun gane cewa nisa shi ke cin ƙarfin azara.

Haka abin yake ga ƙarfe. Wurin da bim ya fi shan wuya shi ne tsakiyarsa, lokacin da kaya ke rataye daidai nan. Ƙarfin da ke neman lanƙwasa shi ana samunsa ne in aka ninka nauyi da tazara, aka raba gida 4. In ka ninka tazara sau 2, wannan ƙarfi ya ninka sau 2, amma lotsawar da bim zai yi ta ninka sau 8. Ku riƙe wannan takwas ɗin. Shi ya sa bim ɗin da ya yi aiki lafiya a shagon maƙwabcinka mai faɗin mita 3 zai iya zama haɗari a naka mai mita 6, alhali injin iri ɗaya kuke ɗagawa.

Manyan injiniyoyi ma sun taɓa faɗawa wannan rami. A ƙasar Kanada, gadar Kwibek ta rufta tana cikin gini ranar 29 ga Agusta, 1907, ma'aikata 75 suka rasu. Daga cikin dalilan da bincike ya gano, an ƙara tazarar gadar daga ƙafa 1,600 zuwa 1,800 ba tare da an sake lissafin nauyinta yadda ya kamata ba.

SIFFAR ƘARFE

Ku tuna rular katako ta aji ɗaya. In ka kwantar da ita ka danna, sai ta lanƙwashe nan da nan. In ka tsayar da ita a kan gefenta, ba ka iya lanƙwasa ta. Katakon bai canja ba, tsayin da ya ba wa kaya ne ya canja. Wannan ne ya sa ake ƙera bim da siffar harafin I: leɓe a sama, leɓe a ƙasa, da siririn bango a tsakiya da ya raba su. In kaya ya hau, leɓen sama matse shi ake yi, na ƙasa kuma ja. Iya nisan da ke tsakaninsu, iya ƙarfin bim.

A kasuwa za ku tarar da suna iri biyu. Na Ingila lamba uku ne, kamar 203×133×30: tsayi milimita 203, faɗin leɓe 133, nauyin kowace mita kilo 30. Na sauran Turai kuma irin su IPE 160 ko IPE 200 ne, lambar tana nuna tsayi. Mai sayarwa zai ce maka kawai “inci shida” ko “inci takwas”. Wannan bai isa ba, domin inci takwas iri-iri ne, wani kilo 22 a mita, wani 25, wani 30.

JARRABAWA UKU

Mu ɗauki gareji mai tazarar mita 5 da sarƙar tan 1. Dole bim ya ci jarrabawa uku, kuma kamar yadda malamanmu suka saba faɗa mana, cin biyu a faɗi ɗaya ba ya ba da takardar shaida.

Jarrabawa ta farko ita ce ƙarfi. Kilo 1,300 sau 5, a raba 4, ya ba da 1,625. A ƙara wajen 95 na nauyin bim ɗin kansa, ya zama kilo-mita 1,720. Ƙarfen gini na yau da kullum yana fara miƙewa ba ya komawa in kowane murabba'in santimita ya ɗauki wajen kilo 2,500 zuwa 2,750. Ba a kusantar wannan iyaka. A kan 1,650 ake tsayawa. In muka mayar da 1,720 zuwa kilo-santimita, wato 172,000, muka raba da 1,650, za mu sami 104. A teburin ƙarafa akwai lambar ƙarfin kowane bim, wadda ake wa alama da Z ko W. Ta IPE 160 ita ce 109, ta IPE 200 kuwa 194, ta 203×133×30 kuma 280. Kun ga IPE 160 ya tsallake da ƙyar, kuma a nan ne masu rabin sani ke tsayawa su ce an gama.

Jarrabawa ta biyu ita ce lotsawa. Ƙa'idar Ingila ta irin wannan bim, BS 2853, ta ce kada ya lotsa fiye da kashi 1 cikin 500 na tazararsa. A mita 5, milimita 10 ke nan. In aka rataya tan 1 a tsakiya, IPE 160 zai lotsa wajen milimita 15, IPE 200 wajen 7, shi kuwa 203×133×30 bai kai 5 ba. Wani zai ce mene ne milimita 15? Bim ɗin da ya lotsa ya zama gangara. Ɗan keken nan da ke ɗauke da inji sai ya riƙa gangarowa tsakiya da kansa, a kuma riƙa shan wuya wajen tura shi gefe. IPE 160 ya faɗi a nan.

Jarrabawa ta uku ita ce murɗewa, kuma ita ce mai kisa, domin ba ta sallama. Ku ɗauki dogon karan dawa ku matse shi daga kai da gindi: ba ya niƙewa, baudewa yake yi gefe. Leɓen sama na bim haka yake, tun da matse shi ake yi. In bim dogo ne, leɓensa siriri, babu abin da ya riƙe shi ta gefe, sai saman ya kauce, bim ya murɗe, kaya ya taho ƙasa cikin ƙiftawar ido, alhali ƙarfen bai kai iyakar ƙarfinsa ba. A mita 5, IPE 160 mai leɓen milimita 82 ba shi da wata rara da za a dogara da ita. IPE 200 mai leɓen milimita 100 yana wucewa da ƙyar. Shi kuwa 203×133×30, faɗin leɓensa ya ba shi rara mai yawa. Maganin murɗewa biyu ne: faffaɗan leɓe, ko a ɗaure leɓen sama da ƙarafan tokara zuwa gini mai ƙarfi. Leɓen ƙasa a bar shi fayau, hanyar keke ce.

Saboda haka ga tan 1 a mita 5, 203×133×30 nake zaɓa. Ga tan 2 a wannan tazara sai a haura zuwa irin su 254×146×37. Yanzu mu duba abin da mai rowa ke tsimi. Mita 5 da rabi na IPE 160 kilo 87 ne, na 203×133×30 kilo 165. Bambancinsu kilo 78 na ƙarfe, bai kai nauyin buhun masara guda ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wannan wuri har rai take ci.

Ina roƙonku kada wani ya kwafi waɗannan lambobi ya kai garejin da tazararsa ko sarƙarsa ta bambanta. Misali ne na nuna hanya. Wurinka yana bukatar nasa lissafin, daga injiniyan da ke da rajistar hukumar COREN, wadda aka kafa tun 1970 don tantance masu wannan aiki.

A KASUWA

Masana'antun mulmula ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo, waɗanda aka buɗe a farkon shekarun 1980, rodi da waya aka kafa su su yi. Ajakuta kuwa, da aka ƙulla kwangilarta da Tarayyar Sobiyat a 1979, babbar tukunyarta ba ta taɓa narka tama ba. Don haka bim ɗin da za ka tarar a Ƙofar Ruwa a Kano, yawanci ko daga waje aka shigo da shi, ko an ciro shi daga tsohon gini. Ka tafi da tef da ma'aunin kauri. Ka auna tsayi, da faɗin leɓe, da kaurinsa, ka gwada da abin da teburi ya ce. Kaurin leɓen 203×133×30 milimita 9.6 ne. In da sikeli, a ɗora shi. Nauyi ba ya ƙarya.

Tsohon bim ba laifi ba ne in an duba shi. Ka kankare tsatsa ka ga abin da ya rage. Ka tsaya a bakinsa ka hango tsawonsa kamar mai duba gora, in ya baude ka bar shi. Ka guji wanda wuta ta taɓa ci, da wanda aka huda wa leɓe, da wanda aka haɗa guntu biyu da walda. In haɗi ya zama dole, kada ya faɗo tsakiya, kuma injiniya ne zai zana shi da faranti da notuna.

Akwai ƙarafa uku da na sha gani a garejojin yankin nan, kuma duka ukun ban yarda da su ba. Na farko ƙarfen titin jirgin ƙasa. Yana da nauyi, yana da ban-sha'awa, amma gajere ne a tsaye, an yi shi ne don ya kwanta a kan matasai kusa-kusa. Ƙarfensa mai tauri ne, walda ta yau da kullum tana sa shi tsagewa, sannan dukiyar hukumar jiragen ƙasa ce da mallakarta ke iya kai mutum gaban alƙali. Na biyu shasin tsohuwar mota, wanda siffarsa ta harafin C ke sa shi murɗewa, ga gajiyar shekaru a kan hanya. Na uku bututun ruwa, wanda fatarsa ke loɓawa daidai inda sarƙa ta shaƙe shi.

Kafin ka biya kuɗi, ka tabbata ɗan kekenka ya dace da faɗin leɓen, kuma ƙafafunsa sun dace da siffarsa, domin wani leɓen shimfiɗaɗɗe ne, wani mai gangara.

MADOGARA

Bim mai kyau a kan mugun bango aikin banza ne. Mutane suna zaton kowane gefe rabin kaya yake ɗauka. Haka ne in kaya na tsakiya. Da zarar an turo keke ƙarshe, gefe guda ne ke ɗauke da kilo 1,300 ɗin gaba ɗaya. A wani gareji da ke kan hanyar Jos na ga an ɗora bim a kan bulo mai rami, ya shiga bangon da abin da bai fi faɗin tafin hannu ba. Tsaga ta riga ta sauko daga ƙarƙashinsa har kusa da taga, an shafe ta da siminti ana ci gaba da aiki. Wannan tsaga sammaci ce.

Abin da ya dace shi ne ginshiƙi na kankare da rodi, ko na ƙarfe, wanda ya sauka har kan tushe mai faɗi a cikin ƙasa, kuma aka tokare shi don kada ya yi lilo. A kafa bim a kansa da faranti da notuna masu lamba 8.8 a ka. A sa ma'aunin ruwa a tabbatar ya kwanta daidai. A ɗaura matsayi a kowane ƙarshe don kada keke ya fice da kaya. Sannan kada a kuskura a rataya sarƙa a katako ko ƙarfen rufi; an yi su ne don kwano da iska, ba a lissafa su da inji ba.

GWAJI DA KIYAYEWA

Kafin bim ya fara aiki a gwada shi, kuma siminti ya isa. A ja zare daga ƙarshe zuwa ƙarshe a yi alama a tsakiya. A ɗora buhu 20 masu kilo hamsin-hamsin a kan katako mai ƙarfi, tan 1 ke nan, a ɗaga kamar faɗin yatsu huɗu daga ƙasa, kowa ya ja baya. A auna lotsawa, kada ta wuce milimita 10. A ƙara buhu 5 ya zama kilo 1,250, a bar shi ɗan lokaci, a duba ginshiƙai da notuna. In an sauke, dole bim ya koma daidai alamarsa. In bai koma ba, an wuce iyakarsa, a sauke shi. In ya ci, a rubuta TAN 1 da fenti, manyan baƙaƙe, inda kowa zai gani. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta nuna nauyin da aka amince wa kayan ɗagawa, da kuma duba sarƙoƙi duk wata 6.

Sauran kuma tarbiyya ce. Ɗagawa ake yi a miƙe, ba a jan kaya ta gefe. A tabbata an kwance kowane noti kafin a ja, domin injin da ke maƙale da noti ɗaya, motar gaba ɗaya kake neman ɗagawa. In an ɗaure inji da sarƙa mai ƙafa biyu, kada a buɗe su da yawa. In kusurwar da ke tsakaninsu ta kai digiri 120, kowace ƙafa tana ɗauke da nauyin kayan gaba ɗaya. Ƙugiyar da bakinta ya buɗe a jefar da ita, ba a mayar da ita da guduma. Sarƙar ɗaure kaya a bayan mota ba ta ɗagawa ba ce. Na ƙarshe, wanda ya fi duka: ba mai shiga ƙarƙashin kayan da ke rataye, ko maigida ne.

KIRA GA ƘUNGIYA

'Yan'uwa, in abu ya faru mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma kuma an ce rigakafi ya fi magani, kuma yaran nan amana ce iyayensu suka damƙa mana. Ina ba wa ƙungiya shawara biyu. Ta farko, injiniyoyin da ke cikinmu su keɓe Asabar ɗaya a kowane zangon karatu, mu zaga garejojin 'yan ƙungiya daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada har Doguwa, mu duba musu kyauta. Ni na sa sunana a farko. Ta biyu, malaman lissafi da kimiyya su ba wa 'yan ajin ƙarshe wannan misali na mita 5 su yi da hannunsu, don su ga inda karatun allo ke haɗuwa da sana'ar iyayensu. Wanda ke da bim a shagonsa kuma, ya auna tazararsa da tsayinsa da faɗin leɓensa, ya duba abin da aka rubuta a jikin sarƙarsa, ya aiko wa Sakatare. Za mu ba shi amsa.